Bushiyar ɗana tana zawo, wane magani zan saya?

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, dukansu a kan bushiya.

Wata uwa daga Zariya ta rubuto: "Ɗana ɗan shekara 9 ya tsinci bushiya a gona da damina, ya sa ta a kwali yana ba ta madara da biredi. Yau kwana 4 kashinta kore ne mai yauƙi, ta daina ci. Yaron ko barcin kirki ba ya yi. Me zan saya mata?"

Hajiya, kwantar da hankalinki, ki kuma rarrashi yaron, ba da mugunta ya yi ba. A janye madarar nan tun yau, domin cikin bushiya ba ya narkar da ita, ita kaɗai ma tana sa zawo. A ajiye mata ruwa mai tsabta a faranti marar zurfi, a ba ta dafaffen ƙwai ko ɗan naman kaza da ba a sa wa gishiri ba. Sai dai bushiyar daji ba ta cika rasa tsutsar ciki ba, tunda ƙwari da dodon koɗi da tana ne cimarta, ta cikinsu kuma tsutsar ke shiga.

Kada ki sayi komai tukuna. Da safe ki ɗebi sabon kashinta da cokalin roba, ki zuba a kwalba mai murfi, ki kai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a ranar, tare da ita kanta bushiyar. Za su duba a madubin likita su gane ko ƙwan tsutsa ne, ko kuwa koksidiya ce, dangin cutar da ke sa kaji kashin jini. Maganin ɗaya ba ya kashe ɗaya. In gwajin farko bai nuna komai ba a sake, don ba kullum ƙwan ke fita a kashi ba. Kada a wuce gobe, ƙaramar dabba ce, zawo na saurin ƙarar mata da ruwan jiki. In ta warke, ni dai shawarata a mayar da ita gonar da aka ɗauko ta.

Wani matashi daga Kano ya ce: "Mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ya ce in sayi ƙwayar tsutsa ta shanu, in ɓantari kaɗan in jiƙa mata. Ya fi araha."

Ɗana, wannan ita ce wasiƙar da ta ɓata min rai. Babbar ƙwayar albendazol ta shanu akwai mai miligiram 2,500, an yi ta ne don saniya mai ɗaruruwan kilo. Bushiyarka da wuya ta wuce giram 600, wata ma 300 ce. Da wane farce za ka ɓantaro daidai rabonta? Shi mai shagon ya ɗora ta a sikeli? Ya ga kashinta? Cinikinsa ya yi, kai za a bari da gawa.

Wannan fa in maganin na gaske ne. Sau nawa nake ganin magani a baje a faifai ranar kasuwa, rana na dukansa tun hantsi, kwalin ya koɗe, an kankare ranar lalacewarsa, babu lambar NAFDAC, ko akwai ta amma an buga ta a karkace tawada na bin yatsa? Wani a tsiyayo maka shi a tsohuwar kwalba babu ko takarda. Jabu iri biyu ne: wanda babu komai a cikinsa, ka yi ta bayarwa tsutsa na ci gaba da cin dabba, da wanda ba ka san abin da aka zuba ba. Makiyayi mai shanu 50 yana asara a kan wannan, balle kai mai dabbar da ba ta cika tafin hannu biyu ba. Ka iya sayen keji da abincin kyanwa na gwangwani, amma kuɗin gwajin kashi ne ya yi maka yawa? Araha ba ta ado.

Likita kan ba da fenbendazol in tsutsa ce, a auna shi da nauyin dabbar, a ɗura a baki da sirinji marar allura, a maimaita yadda ya tsara. In koksidiya ce, maganin salfa ko toltrazuril. Ibamektin da kowa ke sokawa akuya kada ka kusance shi da kanka, ɗigo kaɗan in ya zarce yana iya kashe ta. Ka saya inda likitan ya nuna maka, ka karanta kwalin a gabansa. Kullum kuma a kwashe kashi, a sauya shimfiɗa, a wanke keji da ruwan zafi a shanya a rana, in ba haka ba ta sake haɗiye ƙwan da ta zubar.

Wani ya tambaya ko tafarnuwa da ruwan darbejiya za su yi. Ba za su yi ba, za dai su ƙara ɓata mata ciki. Kada ka gwada.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba a Kaduna, wadda ke son a kawo mata bushiya daga waje, wai ta Turawa ba ta ɗauke da cuta. 'Yata, adana kuɗinki. Wadda ake kiwo a gidajen Amurka irin tamu ce, mai farin gashi a ciki da yatsu huɗu a ƙafar baya, daga Afirka aka kai kakanninta kafin a hana shigo da ita a 1991. Ba kuma ta tsira ba: tsakanin 2018 da 2019 mutum 54 a jihohi 23 na Amurka suka kamu da salmonela, cutar da ke sa zawo da zazzaɓi, ta dalilin bushiyar gida. Dabbar tana iya ɗauke da ƙwayar cutar tana wasanta lafiya lau. Saboda haka duk wanda ya taɓa ta ko kejinta ya wanke hannu da sabulu, kada a wanke kwanonta inda ake wanke-wanken gida, kada a sumbace ta, kuma a nisanta ta da yaran da ba su kai shekara 5 ba.