Muryar Yaya: me za a ajiye a gida saboda ciwon yara

Auta ce ta yi tambaya a gurup: "Yarona wata tara, jiya da tsakar dare jikinsa ya yi zafi, ba ni da komai a ɗaki, haka muka kwana zaune. Don Allah me ya kamata in riƙa ajiyewa?" Ga amsar da Yaya ta turo ta murya, na rubuta saboda waɗanda ta ƙi buɗe musu.

Assalamu alaikum. Auta, sannu, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya. Kin san ni da rubutu ba ma shiri, bari in yi miki da baki. Sauran masu goyo ku ma ku saurara, don ba ita kaɗai nake yi wa ba.

To, kafin komai, idan har yanzu da zafin, ki kai shi a gwada jininsa yau ɗin nan, kada ki ce bari ki gama jin Yaya tukuna. Gwajin maleriya ɗan tsinke ne a yatsa, minti 15 zuwa 20 an gaya miki. Yanzu damina ce, ba a zama a yi ta canka.

Abin ajiyewa kuwa, ki samu robar nan mai murfi, irin ta zuba abinci, ki ware ta. Abu na farko da zai shiga ciki, kuma wallahi da za a ce in zaɓi guda ɗaya shi zan zaɓa, shi ne ORS, garin gishiri da sukarin nan na leda, da ƙwayar zinc. Shi ya fi komai araha a kemis, kuma shi muka fi rainawa. Mu mun fi ganin girman kwalba mai kwali da hoton jariri yana dariya.

Bari in ba ki labarin abin da ya sa nake nacin nan. Babban yarona yana da wata goma sha ɗaya ya fara zawo da la'asar. Kowa ya leƙo sai ya ce haƙori ne, ki ƙyale shi. Ni ma na yarda, ƙuruciya. Kafin ƙarfe biyun dare ga amai ya haɗu da zawo, ana tsuga ruwan sama, babu wuta, kemis ɗin layinmu a rufe, babansu ya yi tafiya. Na haska shi da fitila na ga idanun sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, yana kuka babu hawaye. Maƙwabciyata ce, Allah ya jiƙanta, ta zo da leda biyu ta ORS ta zauna tana ɗiga masa da cokali har asuba. Da muka je asibiti sai da aka ƙara masa ruwa, amma ma'aikaciyar ta ce wannan cokalin ne ya riƙe shi. Zawon ba shi ke kashe yaro kai tsaye ba, ruwan jikin da ke tsiyayewa ne. Tun ranar ban ƙara kwana babu leda huɗu a ɗakina ba.

Yadda ake haɗawa: ki duba bayan ledar, yawanci lita 1 ce, wato fiya wata guda biyu, ko tafasasshen ruwa da ya huce. Ki juye garin gaba ɗaya, kada ki ce za ki raba shi biyu don tattali, kuma kada ki ƙara sukari wai don ya yi daɗi. Duk zawo ɗaya, ɗan ƙasa da shekara biyu ki ba shi kwata zuwa rabin kofi, da cokali, a hankali a hankali. Ya yi amai? Ki jira minti 10 ki ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni, awa 24, zubar da shi ki haɗa sabo. Idan dare ya rutsa da ke babu leda, lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, rabin ƙaramin cokalin shayin na gishiri, a shafe ba a tula ba. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Nono kuma kada ki kuskura ki janye, ki ma ƙara.

Zinc ɗin nan shi ne ake sakaci da shi. Wanda ya wuce wata shida ƙwaya ɗaya ce ta 20mg kullum, wanda bai kai ba rabi, ana narka ta a cokali da ruwa ko ruwan nono. Kwana 10 zuwa 14 ake yi. Matsalarmu, zawo na tsayawa a rana ta uku sai mu jefa katin bayan gado. A'a, ki ƙarasa, shi ke taimaka wa hanjin ya warke kuma ya rage saurin dawowar zawon.

Sai ma'aunin zafin jiki, na batir ɗin nan da ake sa wa a hammata. Bayan hannu yana ƙarya, musamman in kin fito daga kicin. Daga 37.5 zuwa sama a hammata zazzaɓi ne. Ki riƙa rubuta lamba da lokaci a takarda, likita zai ji daɗinki.

Sai farasitamol na ruwa, kwalba ɗaya tak. Nan ma ku ji da kyau, da nauyin yaro ake auna shi, ba da ido ba. Irin wanda aka rubuta 120mg a 5ml, yaro mai kilo 10 wajen 5ml yake sha, bayan awa shida, kada ya wuce sau huɗu a kwana da wuni. Amma akwai na ɗigawa na jarirai, ƙaramar kwalba, shi ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, in kika ba da 5ml nasa kin yi ɓarna. Shi ya sa duk ranar awo ki tambayi kilon yaronki, ki ce su gaya miki mil nawa, ki rubuta a jikin kwalin. Ki auna da sirinji ko ɗan kofin da ya zo da maganin, ban da cokalin tuwo. Asfirin kuwa ba na yara ba ne sam. Ki rage masa kaya, ki goga masa ruwa mai ɗumi-ɗumi in yana jin daɗi, ban da ruwan randa mai sanyi, ban da lulluɓe shi da bargo wai ya yi gumi.

Kina jina? Yi haƙuri, yara ne suka shigo. Kai, ku rufe min ƙofa!

Yawwa. Akwai abin da ba na so in gani a robar nan. Ragowar maganin wani ciwon, musamman mai garin nan da ake zuba wa ruwa a girgiza, shi mako ɗaya ne ko biyu ya tashi daga aiki. Kafso mai ja da rawaya da ake fasawa a ɗura wa yaro don zawo, a daina. Maganin maleriya ma ni ba na ajiyewa, don in yana kusa sai ki ba da shi ba gwaji, alhali ƙila ciwon kunne ne ko na huhu. Sai kwalaben "maganin haƙori". Waɗanda suka manyanta a nan za su tuna My Pikin a 2008, yara 84 aka ƙirga sun rasu a ƙasar nan, ƙodarsu ta lalace saboda gubar da ta shiga haɗin. Ni tun lokacin duk abin da aka ce na haƙori ne ba ya shiga gidana. Duk abin da za ki saya ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki saya a kemis mai rufi da inuwa, ba a tiren da ya wuni a rana a tasha ba. Zuma kuma, na san Hajiya za ta yi min faɗa, amma ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba a ba shi.

Ƙananan kaya ba sai na tsaya ba: filasta, auduga, bandeji, sabulu, man kaɗanya ko basilin, tocila mai caji. Robar a sama can kan wadrob, inda hannu ba ya kaiwa, ba kan taga ba, ba kicin ba, zafinmu na bazara dafa magani yake yi.

Yanzu ga abin da ya fi maganin: a ƙasan robar ki sa katin rigakafinsa, katin asibiti, da kuɗin mota a ambulan, tsabarsu, don tiransifa tana iya ƙi da tsakar dare. Kuɗin nan ba na cefane ba ne, ko maigida ya ce ara min ki ce babu. Ki kuma samu lambar mai Adaidaita guda biyu na unguwa waɗanda za su ɗaga waya da dare, ki san asibitin da ke kwana a buɗe tun kafin ki buƙace shi. Ku yi magana da babansa tun yanzu cewa in abu ya taso ba ya nan, ya yarda ki fita, kada ki zauna jiran izini yaro yana galabaita.

Don akwai lokacin da robar ba ta da amfani, sai hanya. In ya ƙi kama nono ko ya kasa sha, in duk abin da ya shiga sai ya dawo, in ya yi laushi kina tashinsa ba ya tashi sosai, in da jini a kashinsa, in wuyansa ya sanƙare, in ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki lokacin da yake jan numfashi. Ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashin minti ɗaya cur yana kwance shiru: irin naki ɗan wata tara, 50 ko fiye ya yi sauri, daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓi kawai ya isa dalili. Haka mai sikila.

In kuma jijjiga ta kama shi, Allah ya kiyaye, don girman Allah kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a yi masa hayaƙi. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta kaya, a kira mai Adaidaita. Addu'a a yi ta a hanya.

Sannan masu yawo gida-gida da maganin rigakafin maleriya na damina, na 'yan wata 3 zuwa shekara biyar, in sun zo ki karɓa, na kwana uku ne duk wata, ranar farko su ba shi, sauran biyun ke za ki ƙarasa. Gidan sauro kuma a ɗaura shi, ba a yi shingen kaji da shi ba, na ga wasu a nan, ba zan kama suna ba.

Auta, in kin dawo daga gwajin ki ɗauko min hoton kwalin farasitamol ɗin da kika saya, gaba da baya, ki gaya min kilonsa. Bari in je, tukunyata na neman kamawa.