Ku Tambaya Mu Amsa: Shirin Tarbar Sababbin Wasannin MMO

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata ne kan wasannin MMO, wato waɗanda dubban mutane ke haɗuwa a duniya guda ta intanet, kowa da ɗan wasansa, ana yaƙi, ana ciniki, ana kafa ƙungiya. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli tallan Chrono Odyssey da ArcheAge Chronicles, raina ya biya ƙwarai. Na ga wasu kamfanoni kan sayar da damar shiga tun wasa bai fito ba. In irin wannan ta samu, in biya ko in jira? Daga wani matashi a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka jira. Biyan kuɗin MMO kafin ya fito cinikin biri a sama ne, kuma tarihin harkar bai ɓoye hakan ba. Blizzard, masu World of Warcraft, sun shafe shekaru suna gina wani wasa mai suna Titan, suka soke shi a 2014. EverQuest Next ya bi sahunsa a 2016. Star Citizen ya fara karɓar kuɗin jama'a a 2012, aka haura shekara goma yana matakin gwaji. Kamfanin Riot sun sanar da nasu MMO a ƙarshen 2020, a 2024 suka ce sun koma farkon aikin, kada a sa ran jin labari nan kusa. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne Blue Protocol: ya fito a Japan a 2023, 'yan wasu ƙasashe suna jiran a kawo musu, sai aka soke fitar da shi waje, na Japan ɗin ma aka rufe shi a Janairun 2025.

Wanda ya fito ɗin ma ba a gane shi a makon farko. New World na Amazon ya tara mutum sama da 900,000 a lokaci guda a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, da ya fito a 2021, mutane suna layin awanni kafin su shiga, amma a ƙarshen 2025 kamfanin ya daina yi masa sabon aiki. Final Fantasy XIV kuwa ya fito a lalace a 2010, sai da aka rushe shi aka sake gina shi a 2013 sannan ya zama abin da ake yabo yau.

Abin da za ka yi kyauta ne. Ka sa wasan a jerin abubuwan da kake so a Steam, za su aiko maka saƙo ranar da ya fito. In shafinsa yana da wurin neman shiga gwaji, ka nema. Ka daina auna wasa da bidiyon talla, ka nemi wanda wani ɗan wasa ya ɗauka da kansa a lokacin gwaji, awa guda ba yanka. Bayan fitowa ka ba shi mako uku ko huɗu.

In ka matsu sai ka saya, ka san dokar Steam: suna mayar da kuɗi cikin kwana 14, muddin ba ka yi awa 2 kana wasan ba. Tarkon shi ne zaman layin shiga ma ana lissafa shi, tunda wasan a buɗe yake. Abin da ka saya a shafin kamfanin kai tsaye kuma wannan doka ba ta shafe shi ba. Sannan ka riƙa juya farashi zuwa sefa kafin ka yi sha'awa: yuro ɗaya sefa 656 ne, don haka wasan da ke karɓar yuro 13 a wata yana cin wajen 8,500, ban da cajin kati.

Tambaya: Malam, muna da ƙungiyar abokai a nan Njamena. Ta yaya za mu san ko sabon wasa zai yi mana aiki da irin rezon da muke da shi? Forfe na mai sauri ne, amma duk da haka ɗan wasana yana tsayawa cak, sai in ga an kashe ni.

Amsa: Ɗan'uwa, sauri daban, ping daban. Sauri shi ne yawan abin da layi ke ɗauka a daƙiƙa. Ping kuwa lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da wasan ke gudana a kanta, ya dawo, ana auna shi da ms, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. MMO ba ya buƙatar sauri mai yawa yayin wasa, ping yake buƙata, kuma nisa ne ke yanke shi. Haske a cikin wayar fiba yana cin kilomita 200 ne a ms ɗaya. Chadi ba ta da teku, galibin intanet ɗinta ta Kamaru ko Sudan yake bi. Na hanyar Kamaru sai ya gangara har gaɓar teku, inda wayoyin ƙarƙashin ruwa suke sauka a Duwala da Limbe da Kribi, ya zagaya yammacin Afirka ya haura Turai, sannan ya dawo. Saboda haka ping sama da 100 zuwa Turai ba laifin wayarka ba ne, kuma sayen forfe mafi tsada ba zai rage shi ba.

Ga yadda za ku auna tun wasan bai zo ba. Ku buɗe Speedtest, manhajar auna layin intanet, kada ku bar shi ya zaɓi saba da kansa, domin mafi kusa zai ɗauka ya nuna muku lamba mai daɗi. Ku canza zuwa Frankfurt ko Paris ko Amsterdam, inda yawancin wasanni ke ajiye sabar Turai. Ku auna da safe, da la'asar, da kuma ƙarfe tara na dare, kwana uku a jere. Na daren ne gaskiya, don a lokacin kowa yake kan layi kuma a lokacin za ku yi wasan. Ku kula da lamba ta biyu da ake kira jitter, wato yadda ping ke hawa da sauka. Ping 160 da ke zaune wuri ɗaya ya fi wanda ke tsalle daga 90 zuwa 400. Tsayawa cak ɗin da ka ambata daga nan yake, ko kuma daga ɓacewar saƙonni a hanya.

Sai ku duba salon faɗan wasan. Akwai wanda kake zaɓar abokin gaba ka riƙa danna dabaru bi da bi. A Final Fantasy XIV tazarar manyan dabaru daƙiƙa 2.5 ce, a Old School RuneScape duniyar gaba ɗaya tana motsi ne duk bayan daƙiƙa 0.6. Irin waɗannan suna yafe ping 150, har 200. Akwai kuma wanda sai ka kauce wa sara da hannunka a daidai lokacin, kuma yawancin sababbin da ake ɗoki, musamman na Koriya, nan suka karkata. A irinsu, da ping 180 za ka yi noma da farautar dodanni lafiya, amma a karo da wani ɗan wasan Jamus ya sare ka kafin allonka ya nuna ya ɗaga hannu.

Ku zaɓi sabar Turai ko da kun ga ta Afirka ta Kudu a jeri, sai in kun auna kun ga ta fi, domin sau da yawa hanyarmu zuwa can ta Turai take bi. Akwai ƙarin amfani: agogonmu ɗaya da na Faransa a lokacin sanyinsu, da bazararsu su wuce mu da awa guda, don haka manyan yaƙe-yaƙen ƙungiya suna faɗowa bayan isha'i. Kafin komai kuma ku karanta jerin ƙasashen da aka buɗe wa wasan. Lost Ark na Amazon da ya fito a 2022 bai haɗa da ƙasashenmu ba. Shiga da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, yana ƙara ping, kuma in an gano ana iya rufe asusun da duk abin da ke ciki.

Tambaya: Ina da shagon wasanni a Marwa da kwamfuta biyar. Data nawa zan tanada?

Amsa: Alhaji, wasan kansa ba ya cin data sosai, yawanci bai kai mega 100 a awa ba. Saukewa ce mai cinyewa. Final Fantasy XIV yana neman wurin giga 140, World of Warcraft 128, sababbin ba za su yi ƙasa da haka da nisa ba. Lissafin lokaci: saurin da kamfanin waya ke faɗa da megabit ne, sai ka raba shi gida takwas ka samu megan da yake saukewa a daƙiƙa. Layin megabit 10 zai sauke giga 100 a cikin awa 22, in bai yanke ba.

Kada ka sauke sau biyar. Ka sauke a kwamfuta ɗaya, ka haɗa sauran da ita a kan rawuta guda da waya, Steam zai kwafa musu daga ta farkon. Ka kashe sabuntawa ta kai tsaye a huɗun, ka bar ɗaya ta riƙa ɗaukowa. Ka ware kamar giga 20 a wata na sabuntawa, domin MMO ba ya barin ka shiga sai ka sabunta. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukewa, kada ka goge ka sake. Ka sa Steam ya binciki fayilolin, zai ɗauko waɗanda suka lalace kawai. Rawutar ma ka sa ta a kan batir, ba kwamfutoci kaɗai ba. Zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu kuma su ne ke sa kwamfuta ta rage gudu da kanta bayan minti ashirin, a ɗauka rezo ne. Ka buɗe su ka hure fankokin duk wata.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Ngaundere. Laftof ɗina Core i5 ce, RAM giga 8. Za ta ɗauki waɗannan sababbin?

Amsa: 'Yar'uwa, i5 kaɗai ba ya faɗin komai, katin hoto ne magana. Ki danna maɓallin Windows da R, ki rubuta dxdiag, ki buɗe shafin allo. In kin ga Intel HD ko UHD kawai, wasannin da aka gina da manhajar ƙera wasa ta Unreal Engine 5, irin Chrono Odyssey da Aion 2, sun fi ƙarfinta, kuma a yawancin laftof ba a canza katin. Ƙara RAM zuwa 16 da sa SSD zai gyara ta, amma ba zai kai ta can ba. Kada ki sayi sabuwa don wasan da bai bayyana ƙarfin na'urar da yake nema ba. Kafin nan Albion Online da Old School RuneScape ana shigarsu kyauta, suna tafiya a ƙaramar kwamfuta da waya, kuma Albion yana da saba a Amsterdam tun 2024, sai ki gwada layinki a kai.

Tambaya: An turo mana mahaɗi a WhatsApp, wai sabon wasan ne na waya tun kafin ya fito, sai an tura sefa 2,000 ta Orange Money ko MoMo. Daga Kuseri.

Amsa: Damfara ce, ɗan'uwa. MMO ba ya aiki sai da sabar kamfaninsa, in ba su buɗe ta ba babu fayil ɗin da zai shigar da kai. Irin wannan fayil yakan nemi izinin karanta saƙonninka, inda lambobin sirrin kuɗinka ke shigowa. In wani cikinku ya riga ya sa shi, ya cire, ya canza lambar sirrin asusun kuɗinsa da ta Google daga wata wayar. Rajistar jiran wasa a Play Store kyauta ce, kuma sunan kamfanin da ya yi shi yana rubuce a ƙasan sunan wasan.