Tambaya da Amsa: Gina Ƙaramar Mahaƙar Dutse a Gefen Layin Dogo na Teburi

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, yayana ya yi mini tsarabar ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, a jikin kwalinsa an rubuta HO. Na shimfiɗa layinsa a kan katako a ɗakina da ke Mabera, cikin garin Sakkwato, kuma ina so in gina masa mahaƙar ma'adinai da duwatsu domin ya samu abin da zai riƙa ɗauka. A hotunan intanet ina yawan ganin wata doguwar hasumiya mai manyan wili a samanta, amma ba a sayar da irin waɗannan kaya a kasuwarmu. Ta ina zan fara, kuma da me zan yi aikin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ta farko ita ce ka ajiye batun wannan hasumiya tukuna. Ana gina ta ne a kan mahaƙar da ke da rijiya mai zurfi, irin ta zinariya a Afirka ta Kudu ko tsofaffin mahaƙun kwal na Ingila, kuma aikinta shi ne riƙe igiyar ƙarfen da ke saukar da ma'aikata tana hauro da dutse. A ƙasarmu yawancin haƙa ba haka take ba. Kwal ɗin Inugu, wanda aka gano a 1909, ta gefen tsauni ake shiga a ɗebo shi, kuzar Jos kuwa a buɗaɗɗun ramuka aka haƙe ta, shi ya sa har yau yankin ke cike da tafkunan da suka rage. Mafi kusa da kai shi ne dutsen farar ƙasa na Kalambaina a ƙaramar hukumar Wamakko, inda kamfanin simintin da aka kafa a 1962 ya fara aiki a 1967. Abin da idonka ya saba gani ya fi sauƙin kwaikwayo, kuma duk baƙon da ya shigo ɗakinka zai gane shi nan take. Gaskiya ne cewa dogo bai taɓa isowa Sakkwato ba, domin layin da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau a Ƙaura Namoda ya tsaya tun 1929, amma a kan teburinka kana da damar ɗauka cewa ya ƙaraso.

Kafin ka yanka ko kwali ɗaya, sai ka riƙe ma'auni. HO na nufin kowane abu an rage shi sau 87, don haka mita ɗaya na zahiri ya zama milimita 11 da rabi. Mutum mai matsakaicin tsayi bai wuce milimita 20 ba, ƙofar ofis kuwa milimita 24. Ka yanka ɗan mutum na kwali mai wannan tsayi, ka ajiye shi a gefenka, duk abin da ka gina ka tsayar da shi kusa ka duba. Wannan ɗan kwalin ne zai nuna maka cewa tsinken ashana daidai yake da azara mai kaurin kusan santimita 17, ƙwayar yashi mai milimita ɗaya kuma dutse ce da ta cika hannu, tsakuwar da ta kai santimita ɗaya kuwa ƙaton dutse ne da sai katafila za ta motsa shi. Ga kuma wani bayani da zai yi maka amfani nan gaba: faɗin layinka, milimita 16.5, yana wakiltar dogo mai milimita 1,435, alhali tsohon dogon Najeriya 1,067 ne, wanda a wannan ma'auni yake daidai da layi mai milimita 12. Kada wannan ya dame ka yanzu, ka yi aiki da abin da ke hannunka.

Inda na fi so ka tsaya ka yi nazari shi ne hanyar da dutse ke bi, domin ita ce ke raba mahaƙar da ta yi kama da gaske da tarin gine-ginen da aka jera kawai. Ana fasa dutse a bangon rami, a loda shi a tifa, tifar ta hauro ta wata hanya mai gangare ta juye shi a bakin injin niƙa, daga nan bel ya ɗauke shi zuwa wani rumbu mai dogayen ƙafafu, tarago kuma ya shigo ƙarƙashin rumbun a zuba masa. Kowane gini yana nan ne saboda wanda ke gabansa, don haka ka zana wannan hanya da fensir a kan katakonka kafin komai. Bel ba ya hawa a miƙe, domin dutsen zai gangaro baya. Idan zai hau santimita 10, ka ba shi tsawon santimita 30 aƙalla. Tsakanin saman dogo da ƙasan rumbu ka bar santimita 7 da rabi, sannan ka turo taragonka mafi tsayi ka gwada. Kuskuren da na fi gani shi ne a dasa rumbun a ƙarshen reshen layi, ta yadda tarago ɗaya ne kawai zai iya shiga ƙarƙashinsa. Idan taragai huɗu za ka loda, dole layin ya zarce rumbun da tsawon taragai uku, domin a tura uku su wuce na huɗu ya tsaya a ƙarƙashinsa, sannan a riƙa janyo su ɗaya bayan ɗaya.

Rami kuma ƙasa yake yi, wanda ke nufin sai ka ɗaga layin. Ka nemi farin kumfan nan da ake samu a kwalin firji ko talabijin, ka shimfiɗa shi hawa biyu ko uku a kan katakon da farin gam na kafintoci, layin ya zauna a sama, ka yanke ramin a ciki da wuƙa mai kaifi. Bangon mahaƙa hawa-hawa yake kamar matakala, kuma hawa biyu masu santimita 7 zuwa 9 sun isa. Sai ka kwaɓa filastar da masu silin ke amfani da ita, kaɗan-kaɗan domin tana saurin daskarewa, ka shafa a bangon. Lokacin da ta fara ƙarfi amma farce yana iya shiga, ka ɗauki bakin wuƙa ka ja layuka a kwance, wasu kusa da juna wasu da tazara, sannan ka ɗan ɓantare wurare da tsinin wuƙar ka bar ɓarɓashin ya zube a gindin bangon, kada ka share shi. Layukan a kwance suke saboda wannan dutse a ƙarƙashin tsohon teku ya kwanta, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ana samun burbushin halittun ruwa a cikinsa. A can sama ka bar siririn ɗamarar jar ƙasa, a ƙasanta launi ya koma fari mai ratsin ruwan ƙasa da toka.

Fentin ruwa kaɗai za ka yi amfani da shi, a tsarma shi sosai ya zama kamar ruwan shayi, a shafa sau uku ko huɗu, mai haske tukuna. Fentin feshi da gam mai warin fetur suna narkar da kumfa; na taɓa rasa bangon da na yi kwana biyar ina sassaƙawa a cikin minti ɗaya ta wannan hanya, kuma ba na so hakan ta same ka. Don shimfiɗar ƙasa, babu abin da ya kai ƙasar Sakkwato kanta. Ka ɗebo, ka soya ta a tsohon kasko domin kashe ƙwari, ka tankaɗe da rariya, sannan ka bi ta da maganaɗisu. Za ka ga baƙin gari ya manne masa, kuma wannan garin ƙarfe ne da injin jirginka zai zuƙa ya lalace da shi idan ka bar shi. Bayan ka barbaɗa ƙasar, ka fesa mata ruwa mai ɗigon sabulu, ka ɗiɗɗiga gam da aka haɗa rabi da rabi da ruwa, ka bar ta kwana guda.

Gine-ginen ba su da wuya. Kwali mai kauri ya isa bango idan aka ƙarfafa kusurwoyinsa da tsinken tsire daga ciki, guntun bututun roba na masu famfo mai inci 4 kuma zai ba ka rumbun siminti mai faɗin kusan mita 9. Kada ka bi tsayinsa na zahiri, santimita 20 ya wadatar, in ba haka ba zai danne komai. Rufin kwano ana yinsa da takardar alminiyom mai ɗan kauri: ka ɗora ta a kan matsefi mai ƙananan haƙora, ka bi tsakanin haƙoran da tsinke a hankali, ka yayyanka ta falle-falle masu faɗin milimita 9, ka jera kowane falle ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. Daga ƙarshe ka kankare farin alli ka bi rufi da tifa da ganyen bishiya da buroshi busasshe, domin a irin wannan wuri babu abin da ƙura ta bari. Bishiyoyi kaɗan ne, aduwa biyu ko uku da dogonyaro a gaban ofis, waɗanda za ka murɗa da siraran wayoyin cikin tsohuwar wayar lantarki.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. Katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, ƙarfen dogo kuma yana miƙewa a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, saboda haka ka shafe katakon da fenti ta kowace fuska, ka bar tazara kamar kaurin kati a wasu mahaɗan layin, kuma kada teburin ya zauna inda rana ke shigowa ta taga. Ka janye shi daga bango saboda gara, ka tanadi zanen rufewa saboda ƙurar hunturu. Duk lokacin da ka gama aikin gam ko fenti, ka goge saman dogon da ƙyalle mai tsabta kafin ka kunna wuta, domin ta nan jirgin ke samun lantarkinsa.