Ɗana ya cika shekara 18, in daina ba da kuɗin ciyarwa?

Wani bawan Allah daga unguwar Zariya a Maradi ya rubuto cewa bayan rabuwarsa da matarsa, kotu ta ɗora masa jika 30 duk wata saboda yara biyu. Namijin ya cika 18 yana ajin bak, wato ajin jarrabawar ƙarshe ta sakandare, macen tana da 16. Ya ce tunda yaron ya isa jefa ƙuri'a, daga wannan wata zai rage rabi, kuma an gaya masa yana iya zuwa kotu ya ƴantar da yaron, wato ya fitar da shi daga ikon uba a idon doka, ya huta.

Malam, kada ka taɓa kuɗin nan tukuna. Sai na karanta takardar hukuncin kafin in yanke maka magana, amma bisa abin da ka faɗa, lissafinka da gyara.

Shekara 18 ta zaɓe ce, kuma daga nan ake hukunta mutum a matsayin babba in ya yi laifi. A kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, mutum yaro ne har sai ya cika 21. Ko 21 ɗin ma ba ta yanke ciyarwa kai tsaye, domin alƙalai sukan duba ko yaron yana karatu da gaske, ko yana da lalurar da ta hana shi nema. Yaron da in Allah ya yarda baɗi zai shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da wuya alƙali ya ce ya tsaya da ƙafarsa.

Watakila ka ce ai shari'arku ta al'ada ce. Mai yiwuwa haka ne: Nijar ba ta da kundin dokar iyali, kuma a harkar aure, saki da ɗiya kotu takan bi al'adar masu shari'a, alƙali yana zama da masana al'ada. To a nan ma ba ka tsira ba. A mazhabar Malikiyya uba yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga kuma ya iya neman na kansa, mace kuwa sai ta yi aure ta tare. Ta ɓangaren yaron kana da abin faɗa, amma alƙali ne zai auna, kuma karatun nan zai yi nauyi a sikelinsa. Ta ɓangaren yarinyar ba na ganin wata ƙofa.

Sai batun ƴantarwa, inda aka fi ruɗa ka. Doka ta san hanya biyu. Aure yana ƴantar da yaro nan take. Ba tare da aure ba, uba, ko uwa in babu uba, yana iya bayyanawa gaban alƙali cewa ya ƴantar da yaron da ya kai 15. Maraya kuwa sai ya kai 18 kuma taron dangi ya amince. Amfaninta shi ne yaro ya iya tafiyar da wasu harkokinsa da kansa, misali wanda ya gaji shago a babbar kasuwa, tunda dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar da wasu ƙasashen Afirka suke bi tare, ba ta yarda yaron da ba a ƴantar ba ya zama ɗan kasuwa. Ikonka a kansa take ragewa, ba ta sa masa abinci a baki. In yana cikin buƙata, galibi nauyin yana nan wuyanka. Kuma ina roƙonka kada wannan magana ta sa a gaggauta wa ƴar shekara 16 aure don a rage jika 15.

Hukuncin kotu ba ya mutuwa don ka ga lokacinsa ya yi. In ka rage da kanka, bashi ne ke taruwa, ana iya bin albashinka ko kayanka, kuma ƙin biya da gangan na tsawon watanni laifi ne a dokar ƙasa. In samunka ya ragu, ko yaron ya bar makaranta ya kama kabu-kabu yana samu, ka koma kotun da ta yanke hukuncin ka nemi a sake dubawa, da shaidarka a hannu. Wannan kullum ana yi.

Na lura da abin da ka ce, cewa ka nemi ganin rasit na makaranta sau da dama an hana ka, sai dai yayan matar ya tare ka a ƙofar masallaci yana ambaton gidan kaso. Wannan bai dace ba, kuma ba ya taimakon ƙanwarsa. Uba mai biya yana da haƙƙin sanin inda kuɗin ke tafiya.

Shawarata, ku fara zama gaban mai unguwa ko a fadar Sarkin Katsinan Maradi, da babba ɗaya daga kowane gida, yaron ma a ji ta bakinsa. Kana iya ba da shawarar ka riƙa biyan kuɗin makaranta kai tsaye, na abinci kuma ya tafi hannun uwar, a rubuta cewa za a sake zama bayan sakamakon bak. Abin da kuka daidaita a sa hannu, a kai wa alƙali ya tabbatar, don yarjejeniyar baki ba ta goge hukunci. In kuɗin lauya ya fi ƙarfinka, ka tambayi ofishin ANAJJ, hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, a kotu. Kafin nan ka biya na wannan wata cikakke, ta hanyar da za ta bar maka rasit.