Farin shayi ba ya son tafasasshen ruwa

Ɗan'uwa, ka ce an kawo maka farin shayi da kore daga Sin, ka dafa su a Gusau yadda aka saba, koren ya yi ɗaci, farin kuma kamar ruwa. Ganyen ba shi da laifi, wuta ce ta yi masa yawa.

Duk daga itace ɗaya suke fitowa da baƙin shayinmu. Farin, wanda aka fi sani daga lardin Fujian, shanya shi kawai ake yi, shi ya sa bai da ƙarfi. Idan ruwa ya tafasa, sauke shi ya huce kamar minti 5, ya sauko wajen digiri 80. Zuba a kan ganyen, minti 2 zuwa 3, ka tace. Kada ka ɗora shi kan garwashi kamar na Buzaye.

Ni dai ba na sa masa sukari, balle madara ko citta. Da safe nake sha, kafin yajin ƙosai ya taɓa harshe. Ka duba yadda ganyen ke buɗewa a kofin gilashi, ka shaƙa, sannan ka kurɓa a hankali. Wani ɗan zaƙi ne ke biyowa baya a maƙogwaro.

Kada ka zubar da ganyen, zai ɗauki ruwa sau biyu ko uku.