Me yasa gero da dawa ke son zafi, alkama kuma sai da sanyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyar na sakandare a Kura, jihar Kano, kuma ina taya babana aikin gona. A makaranta an koya mana cewa tsiro da hasken rana yake haɗa abincinsa, to in haka ne me ya kawo sayen takin da muke yi duk shekara da tsada? Sannan tunda rana ce ke aikin, me yasa alkama ba ta yi sai lokacin sanyi, alhali gero da dawa duk zafin rana ba ruwansu?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya na ji daɗin tambayar nan, kuma malaminku bai yi kuskure ba, babanka ma da yake sayen taki bai yi asarar kuɗi ba.

Bari mu fara da inda jikin tsiro yake fitowa, domin yawancin mutane sun ɗauka ƙasa yake ci. Wani masani mai suna Van Helmont, mutumin ƙasar da ake kira Beljiyam yanzu, ya taɓa gwada wannan kuma an buga sakamakon a 1648. Ya dasa ƙaramin itace mai nauyin kilo 2 da ɗan wani abu a cikin tukunya mai busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90, ruwa kawai yake zuba masa har shekara 5, da ya auna sai ya ga itacen ya kai kusan kilo 77 amma abinda ya ragu a ƙasar bai cika giram 60 ba. Shi dai ya ce ai ruwa ne ya zama itace, rabin gaskiya kenan, ɗaya rabin da bai gano ba ita ce iska. Kai ma ka duba in an ƙona tarin kara, ɗan tokar da ke saura kusan ita ce abinda tsiron ya ciro daga ƙasa, sauran duk ya koma iska inda dama yawancinsa ya fito.

To ga yadda aikin yake, shi ake kira fotosintesis. A jikin ganye, musamman ta ƙasansa, akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, sitomata, ta nan iskar kabon dayoksaid ke shiga. Ruwa kuma saiwa ke jawo shi ya hau ta jijiyoyi har ganye. A cikin ƙwayoyin halittar ganyen akwai sinadarin kulorofil, yana shanye jan haske da shuɗi ya bar kore, shi yasa kake ganin ganye kore. Da ƙarfin hasken da ya kama ne ake fasa ruwa, oksijin ya fita ta ƙofofin nan, wato iskar da muke shaƙa daga ruwan da tsiro ya fasa take, ƙarfin kuma a adana shi na ɗan lokaci cikin wasu sinadarai biyu, ATP da NADPH. Wannan matakin farko kenan kuma dole sai da haske.

Mataki na biyu shi ne ƙera suga. Akwai wani furotin mai suna rubisko, shi ke cafke kabon dayoksaid ya manna shi a jikin wani sinadari mai kabon 5, nan take ya rabe gida biyu masu kabon 3 kowanne, daga nan a yi ta juya su da ƙarfin da aka adana har suga ya fito. Melvin Calvin na Jami'ar Kalifoniya a Amurka da abokan aikinsa ne suka bi diddigin wannan, ya samu kyautar Nobel a 1961. Sugan nan ne ke zama kara da saiwa, shi ne kuma ke gangarawa cikin ƙwaya ya zama sitaci, tuwon da kuke ci da daddare asalinsa kenan.

Yanzu ina taki ya shigo? Kayan aikin nan da na lissafa da shi ake gina su. Kowane kulorofil ɗaya yana da naitirojin 4 da maganiziyam 1 a tsakiya, rubisko kuma yana cinye kaso mai yawa na naitirojin ɗin da ke ganye, ATP sai da fosfaras, buɗewa da rufewar ƙofofin ganye kuma fotashiyam ke tafiyar da su. Ka ga takin NPK kenan ya cika, wato naitirojin da fosfaras da fotashiyam. Shi yasa in masara ta rasa yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, sai ka ga ganyen ƙasa sun fara yin rawaya daga tsini suna bin tsakiya, tsiron ne ke kwashe naitirojin daga tsofaffin ganye yana kaiwa sababbi, kuma ganye mai rawaya ko rana ta wuni a kansa abinda zai haɗa kaɗan ne.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ni ta fi burge ni. Rubisko yana da wani rauni, ba ya iya bambance kabon dayoksaid da oksijin sosai, gashi a cikin iska oksijin kashi 21 ne cikin 100, kabon dayoksaid kuwa kimanin 0.04 kacal. In ya cafki oksijin sai tsiro ya kashe ƙarfi wajen gyara ɓarnar, har ma ya zubar da wani kabon da ya riga ya tara. In da sanyi kuskuren kaɗan ne, amma da zafi ya haura digiri 30 sai ya yi ta ƙaruwa, ga kuma ganye yana tsuke ƙofofinsa don kar ruwa ya ƙare masa, sai iskar da yake buƙata ta ƙara raguwa a ciki. Alkama tana cikin rukunin tsirran da wannan raunin ke damu, ana ce masu C3 saboda abin nan mai kabon 3 da suke fara haɗawa.

Gero da dawa da masara da rake su kuma Allah ya yi masu wata dabara. A ƙwayoyin ganyensu na waje wani sinadari ne daban ke fara kama kabon dayoksaid, wanda ba ruwansa da oksijin, ya mayar da shi abu mai kabon 4, a tura shi can ciki zuwa wasu ƙwayoyi da suka kewaye jijiyar ganye inda rubisko yake, a sake shi a nan. Kamar yadda kuke sa injin ban ruwa ya jawo ruwa daga kwalbati ya tara a fangali ɗaya, haka suke tara wa rubisko kabon dayoksaid har ya kusan daina kuskure. Su ne C4, kuma wasu masana biyu, Hatch da Slack, su ne suka fayyace hanyar a Ostireliya a 1966 da ganyen rake. Tunda suna iya tara iskar ko da ƙofofin a tsuke suke, ruwan da suke kashewa kan kowane kilo na amfani kusan rabin na C3 ne. Sai dai turawar nan tana cin ƙarfi, a cikin sanyi ba ta da riba, ka lura da masarar rani da aka shuka a tsakiyar hunturu yadda take noƙewa ba ta tashi sai gari ya fara ɗumi.

Amma fa kar ka ɗauka wannan kaɗai ne dalili, domin shinkafa da wake da gyaɗa su ma C3 ne kuma a damina muke noma su. Ita alkama asalinta amfanin hunturu ne na Gabas ta Tsakiya, zafi yana lalata mata ƙurar fure lokacin da take fidda kai, yana kuma gaggauta nunarta ƙwaya ta bushe tun ba ta cika ba. Dalilin kenan da ake matsa wa manoman Kadawa da na kwarin Haɗeja su shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don ƙwaya ta gama cika kafin zafin Maris ya shigo, duk wanda ya makara zai ga ƙwayarsa ta motse.

Abu ɗaya da nake so ka kai wa baba, in kuna zagar ganyen dawa don dabbobi to ku tsaya kan na ƙasa da suka fara bushewa, kar a taɓa koren ganyen sama daga lokacin da ta fidda kai har ƙwaya ta yi tauri, domin yawancin sitacin da ke cika zangarniya a waɗannan makonnin ake haɗa shi, kuma a ganyen saman ne. Allah ya ba da sa'a a karatu, ya sa a kwashe amfani lafiya.