Filin Tambayoyinku: Yara Sun Kasa Raba Ƙwallo da Da'ira

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji ɗaya a firamare. In na zana da'ira a allo, na kuma ɗaga ƙwallo, duka "da'ira" suke ce musu. Yaya zan raba musu su?
Wata malama daga Funtuwa

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Matsalar daga allo take. Duk abin da aka zana a kansa shimfiɗe yake, ɗan shekara 5 ko 6 kuwa sai ya juya abu a hannunsa yake gane yana da jiki. Saboda haka ki fara da abin riƙewa: ƙwallo, gwangwanin madara, kwalin ashana, dunƙulen Maggi da mazurari. Raba yaran huɗu-huɗu, ki jingina katako a kan bulo, su gangaro da kayan. Ƙwallo ko ta ina gangarawa take, kwali sai dai ya zame, gwangwani kuma a kwance ya gangara, a tsaye ya zame. Tambaye su dalili, kada ki riga su faɗa.

Daga nan sai tiren yashi mai danshi. Kowa ya danna gindin gwangwani ya ɗaga: ga da'ira. Maggi ya bar murabba'i. Nan yaro zai ga cewa shimfiɗaɗɗiyar siffa fuska ce ɗaya ta abu mai jiki. Yashin kada ya bushe, don gefen shaidar zai rufta, kada kuma ya cika ruwa. Ɓare takardar jikin gwangwani ki miƙe ta a gabansu. Ba sa tsammanin za ta fito da kusurwa huɗu. Ki dai duba bakin gwangwanin, kada ya yanki wani.

Tambaya: Mun gwada haɗa siffar akwati da tsinke da laka a gida, kullum rushewa take.
Wani uba daga Maraɗi

Amsa: Malam, tsinke 12 ake bukata, tsawonsu ɗaya, da curin laka 8, kowanne kamar ƙwallon dabino. Tsinken da ya wuce tsawon ɗan yatsa yana rinjayar laka, kuma yumɓu ya fi ƙasar tsakar gida riƙo. A fara haɗa murabba'i biyu a ƙasa, a bar su su sha iska kaɗan, sannan a kafa tsinke huɗu a ɗora na biyun. Ko an yi daidai za ta ɗan yi lilo, haka kusurwa huɗu take. Shi ya sa ya fi kyau yaro ya fara da dala: tsinke 6, curi 4, fuskoki huɗu masu kusurwa uku, ba ta karkacewa. In ashana za a yi amfani da ita, a kankare kan, kuma a nisanta 'yan ƙasa da shekara 3 daga curin, don baki za su kai.